Babban Yatsan Baba

Auta tana goge wa mahaifinta hannu da tsumma mai ɗumi, babban yatsansa ya sake motsawa: gaba, baya, gaba, baya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, shi kaɗai ya rage yana motsi. Likita ya ce jijiya ce kawai, tsohon ba ya jin komai. Yayanta ya riƙe wannan maganar, ya ce gobe zai zo da mota a mayar da shi gida a jira ikon Allah.

Fanka tana juyi a kasalance. Hasken la'asar ya ratso labule yana lilo a bango kamar inuwar ruwa, har Auta ta fara ganin gadajen ɗakin kamar jiragen da aka ɗaure a gaɓa. Cikin gyangyaɗi ta ji sallama. Kofur ne, wanda suka yi soja tare da Baba, ya shigo yana dogara sanda yana mitar matattakalar asibitin.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ta ce masa a tunaninta tasbihi Baba yake ja.

Kofur ya murmusa ya ce a'a. Irin bindigar da suka riƙe a soja, mai sakatar da ake ja da hannu, tana da ɗan makulli kamar kunnen ɓera, daidai inda babban yatsa yake zama. A tura shi gaba, ta shirya cin rai. A jawo shi baya, ko jariri ya taɓa kunamar harbin ba za ta tashi ba. Ya ce ubanta ya sha tsokana a kai, don ko barci yake yi sai ya lalubi makullin.

Sai ya miƙe ya jingine sandar, ya sunkuya saitin kunnen abokinsa. Muryar da ta fito ba ta tsoho ba ce.

“Soja, kulle bindiga. An tashi daga aiki.”

Yatsan ya tsaya. A hankali ya ja baya, ya kwanta. Kafaɗun Baba suka sauka cikin katifa, numfashinsa ya yi tsawo irin na mai barci a inuwa.

“Ashe yana ji,” in ji Auta. Ta kira Yaya a waya ta ce kada ya zo da motar.

Ta dawo ta zuba wa yatsan ido. Bai ƙara motsi ba, sai ta ji kewarsa ta kama ta. Ta roƙi Kofur ya faɗi ɗaya umarnin, na buɗewa, ko don likita ya gani da idonsa.

Kofur ya ɗauki sandarsa.

“'Yata, wannan kalmar na daina faɗinta. Ki yi masa taki maganar.”

Ta jawo kujera kusa da kunnen Baba, tana neman ta inda za ta fara.