Shaidu Goma Sha Biyu

Sau biyu lambarsa tana fitowa a allo kafin Mbarek Ait Lasri ya farga shi ake kira. Tun girgizar ƙasar da aka yi a garinsu na cikin duwatsu haka ya koma. Ko shayi ne ya ƙona masa baki, sai dai 'yarsa Tuda ta gaya masa.

Don Tudar ma ya zo ofishin rajistar gidajen nan. Shekara biyu ke nan suna kwana a garejin Abdelkebir, ƙanin matarsa, a Marakish, labule ne kawai tsakanin katifarsa da tata, ga yarinya ta kai sha tara. Yanzu ya samu ɗaki biyu a wani bene a bayan gari. Abin da ya tara a gadin motoci ba zai kai ba sai an yafe masa harajin rajista, rangwamen da ake yi wa mai sayen gidan farko. In ba a yafe ba, ran Juma'a mai gidan zai sayar wa wani.

Tun a bas Abdelkebir yake ja masa kunne: "Kai dai ka ce a'a. A'a kawai! Kada ka je ka yi mana halin nan naku na mutanen dutse."

Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi, Nezha, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, ka taɓa mallakar gida?"

"Na taɓa."

Sai ga shi ta ɗago. "Ka ji tambayar kuwa?"

"Na ji, 'yata. An ce mini rantsuwa ce a ƙasan takardar. Ni da mahaifina muka gina shi. Ɗaki huɗu, da rumbu, awaki a ƙasa."

"Yana ina?"

"Yana nan inda yake. Kwanciya ya yi."

Ta karɓi katinsa, ta danna na'ura, ta sake dannawa. Babu komai da sunansa.

"Ba ku yi masa rajista ba?"

"Wa ke rajista a can? Takardar hannu ce ta filin, tun ta kakana. Tana cikin akwatin matata Ijja."

"To, a kawo akwatin mana."

"Yana ƙarƙashin gidan. Ijja kaɗai muka samu tonowa."

Ya faɗe shi ne kamar mai faɗin ranar kasuwa. Nezha ta ajiye alƙalami.

"Allah ya jiƙanta." Ta dube shi. "Baba, shekarata tara a kujerar nan, kai ne na farko da ya zo yana neman ya hana kansa. To, ka dai san al'ada. In takarda ta ɓata, maza goma sha biyu na garinku ne za su tsaya gaban masu rubuta shaida su ce sun san gidan naka ne. Ka kawo mini wannan, in rubuta ka taɓa mallaka, rangwame ya wuce ka. Kana da sha biyun?"

Mbarek ya ɗora hannun hagu a kan tebur. Ya fara lissafi daga ƙofar masallacin garinsu ya gangara gida-gida, yadda ake rabon nama in gari ya yanka sa. Liman Si Tayeb. Hmad mai niƙa. Lhu da 'ya'yansa biyu. Assu maƙeri. Wanda ke raye ya ɗaga masa yatsa, wanda ba ya nan ya wuce shi. Ya bi har gidan ƙarshe na bakin rafi, ya dawo ta ɗaya layin don kada ya manta da wani. Na bayansa a layi har sun fara tsaki.

"Huɗu," ya ce. "Ɗaya ma ba ya gane mutane."

"Huɗu ba shaida ba ce." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba ƙarya za ka yi ba, Baba. Abin da ke rubuce ake rantsuwa a kai, kuma babu abin da ke rubuce. A wurin hukuma ba ka taɓa yin gida ba. Sa hannu nan."

Ya sa. Ta buga hatimi. Ya ɗan tsaya yana jira ko zai ji wani abu, murna ko kishiyarta, amma shiru.

A waje Abdelkebir ya tare shi. "Ka ce a'a?"

"E na ce."

"Innalillahi! Ka kashe mu, wallahi na san za a rina!"

Mbarek ya miƙa masa takardar. Abdelkebir ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya, ya sumbaci goshinsa. Nan take ya kira Tuda, ya manna masa wayar a kunne.

"Baba, sun yafe?"

"Sun yafe."

Ya ji guɗarta, ya ji ta tsaya.

"To, gidanmu fa? Ba su yi maganarsa ba?"

Mbarek ya dubi hannunsa na hagu. Yatsun nan huɗu suna nan a miƙe, ya manta bai naɗe su ba.

"Sun ce wannan ne na farko," ya ce.