Ƙarfen da Malam Lawwali Ya Binne

"Wayyo Allah! Ta sake ja na!"

Lami ta yi jifa da kwanon zoɓo, ta koma gefe tana yarfe hannu. Karo na uku ke nan firizar da take sana'ar ƙanƙara da ita tana fizgar ta, ga jikoki kullum suna buɗe ta da jiƙaƙƙen hannu.

Ta katanga aka amsa, da muryar da ciwo ya cinye: "Mi ya faru, 'yar Bungudu?"

Malam Lawwali ne, tsohon mai gyaran wuta. Rabin gidajen Tudun Wada shi ya ja musu waya. Wata biyu yana kwance, ko masallaci ba ya zuwa. Mutanen unguwa dai sun ce ya nemi auren Lami tun tana tallar fura, ta ce ya cika rowar magana. To, ranar nan sai ga shi ya shigo yana dafa bango, testar gwada wuta a aljihu.

"Ka koma ka kwanta, kada ka faɗi a ce ni na kashe ka."

"Kin ƙi ni ban mutu ba, wanga ɗan tattaki za shi kashe ni?"

Ya kashe babban makunni, ya gwada da testa, sannan ya buɗe akwatin wuta. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa aikina?"

"Kabiru ɗana ya kawo wani, lokacin da aka yi mana siminti a tsakar gida."

"Ina ƙarfen da na binne bayan madafa? Wanda na ce ki riƙa ba shi ruwa duk Juma'a da rani?"

Lami ta sunkuyar da kai. Shekara talatin tana zuba wa ƙarfen nan buta guda, tun mijinta na raye. Ta tuna ranar da aka binne shi da gawayi da gishiri, mata suna dariya wai Lawwali zai yi wa ƙasa miya. Siminti ya rufe shi, ita ma ta manta.

"Wanda Kabiru ya kawo ya yanke koriyar waya, ya cusa ta wurin baƙar," in ji shi. "Baƙar nan ita ce nutural, ta nan wuta ke komawa, kullum cikin aiki take. Koriyar kuwa zaune take tana jiran ranar tsautsayi, ta kai wutar ƙasa ta ƙarfen nan. Yanzu baƙar ta yi sako-sako, wuta ta rasa hanya, ta bi jikin firiza. Daga nan sai ke."

Aka kira Kabiru daga shagonsa, ya fasa simintin yana gumi, har kan ƙarfen ya bayyana, aka ɗaura masa sabuwar waya. Amma da aka zo ɗaure ta cikin akwati, hannun Malam Lawwali ya ƙi tsayawa. Sau uku sukudireba na faɗuwa.

"Karɓi," ya ce wa Lami. "Koriya nan, ita kaɗai. Baƙa can. Matse."

"Ni? Da tsufana?"

"Hannun da ya dama fura? Matse dai."

Ta matse. Ya ja kowace waya da yatsa, ya rufe akwatin, ya kunna. Ya gwada jikin firizar da testa, sannan ya ɗora tafinsa a kai, ya bar shi nan ya daɗe.

"Jikokinki su sha ƙanƙara."

Ta ɗebo masa zoɓo mai sanyi. Kurɓa ɗaya ya yi, ya ce sukari ya yi yawa, kamar kullum.

Ranar Alhamis da hantsi kuka ya tashi ta bayan katanga. Kafin azahar an kai Malam Lawwali makwancinsa.

Washegari Kabiru ya zo da mai siminti zai toshe ramin. Lami ta ce su bar mata wurin haka. Da maza suka tafi masallaci, ta ɗauki buta ta zagaya bayan madafa, ta tsuguna, ta tsiyaya a hankali. Ta zauna nan har ƙasa ta shanye ruwan.