Kamun Waje Ya Fi Araha

Jiya da dare Gwadabe ya yi wani mafarki, kuma ba yunwa ce ta jawo shi ba, don sai da ya ci ya yi ƙat kafin ya kwanta. Kifin ado yake sayarwa a Abuja, irin na ruwan gishiri da masu hali ke zubawa a akwatin gilashi su yi ta kallo. Kullum maganarsa ga mai saye ɗaya ce: wanda aka haifa a gilashi ya fi tsada, kamun teku ya fi araha. A gida kuwa akwai Inna, mahaifiyarsa, da ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar Baba, ya ba ta ɗaki mai na'urar sanyi. Tun zuwanta loma biyu take yi ta ture kwano, kullum sai ramewa.

A mafarkin ya tsinci kansa a motar haya. Ƙaguwa ce direba, don haka a kaikaice motar ke tafiya, ba wanda ya yi ƙorafi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, fasinjoji duk sun buɗe lema ƙarƙashin ƙafafunsu. Kwandastan bunsuru ne. Ya karɓi kuɗin mota ya tauna, ya ba shi canjin gishiri.

Sai ga shi a kasuwa. Ko'ina ruwa ne, amma rigarsa a bushe. Kowace rumfa akwatunan gilashi ne cike da iska, da mutane zazzaune a ciki. Mai rumfar farko kifi ne ruwan lemo mai ratsin fari, irin wanda Gwadabe ya fi sayarwa, ya kafa hula ya karkace ta.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji kifin. "Na ado kake so ko na kallo?"

"Da bambanci?"

"Babu. Shigo dai."

A akwatin gaba, Walid ne, ɗan Gwadabe, yana cin taliya yana danna waya.

"Wannan haihuwar gilashi ne," in ji kifin. "Gishiri buhu goma, ba ragi. Duk abin da ka jefa masa ci yake. Bai taɓa ganin waje ba balle ya yi kewa."

Gwadabe ya ji daɗi har cikin ransa, ba ƙarya. "Ɗana ne ai."

"To ka iya kiwo."

Can bayan rumfa, kusa da tsintsiya, akwai wani akwatin. Inna ce a ciki, kan kujera mai laushi, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. An kafa mata bishiyar ɗorawa ta roba, an jera mata kajin roba. Kwanonta na gefe a rufe.

"Wannan kamun waje ce," in ji kifin. "Mudu biyu."

"Mudu biyu? Uwata ce fa! Na saya buhu ɗari."

"Albarka."

"Ɗari biyu!"

"Albarka, Alhaji. Mudu ɗaya da rabi. Tun da ka tsaya nan ta ƙara sauka."

"Saboda me?"

Kifin ya gyara murya, sai Gwadabe ya ji tasa muryar ce ke fita, sak yadda yake yi a shago: "Kamun waje ba ya karɓar abinci, ranka ya daɗe. Ka tsabtace masa wuri, ka daidaita masa zafi da sanyi, ka zuba masa mai tsada, shi dai zagaye gilashi zai yi ta yi yana neman hanya. Wata safiya ka tashi ka same shi kwance. Shi ya sa muke sauke kuɗin."

"Wane azzalumi ne ya kamo ta?"

"Ba azzalumi ba ne. Mutumin kirki ne, da mota ya je har gida. Har kuka ya yi da ta amince."

Gwadabe ya durƙusa ya ƙwanƙwasa gilashin. Inna ta ɗago.

"Ɗan nan, ka ci abinci?"

"Na ci, Inna. Ke fa?"

"Na ƙoshi. Nan ai komai akwai, Allah ya yi maka albarka." Ta dubi kajin. "Sai dai waɗannan in na kira ba sa zuwa. Ko an yi shuka a gida?"

Tausayi ya kama shi. Ya juya ga mai rumfa. "Ana mayarwa?"

Kifin ya cire hula ya riƙe. "Irinmu da kake sayarwa, a'a. Teku da nisa, kuma ko kai ba ka san gindin dutsen da aka ɗauko ni ba. Na daina tambaya." Ya mayar da hular. "Ita kuwa ai ka san hanya."

Sai wani abu ya fara kankarar gilashin, ƙwar, ƙwar, ƙwar, kasuwar duk ta ɗauka.

Ya buɗe ido. Gari ya waye. Lantana ce, matarsa, a tsakar gida, take kankare tuwon Inna na jiya da cokali za ta zubar.

Gwadabe ya lalubo makullin mota, ya je ƙofar ɗakin ya yi sallama, ya tsuguna.

"Inna, in muka fita yanzu, kafin la'asar muna gida."

Ta dube shi. Sannan ta sunkuya ta jawo ƙullin kayanta daga ƙarƙashin gado. Ashe tun zuwanta ba ta kwance shi ba.

"Ce wa yarinyar nan kar ta zubar da sauran tuwon," in ji ta. "Ta ɗumama min, hanya da nisa."