Takin 'Yar Jaji

Mutumin da a da yake kiran gayyar mutum arba'in su yini suna huɗa ba su ga ƙarshen gonarsa ba, yau shi ne tsugune a bayan ɗakin girkin 'yarsa yana gadin buhunan siminti goma. Sunansa Abarshi, kuma duk wanda ya san shi a yankin Damari ya san ba ƙaramin manomi ba ne. Amma duniya ba ta tambayar mutum ko shi wane ne kafin ta tankwara shi.

Shekara uku ke nan da mutanen daji suka shiga unguwarsu da hantsi, suka cinna wa rumbuna wuta, suka kora abin da ke da ƙafa. Abarshi ya iso Birnin Gwari gidan 'yarsa Adawiyya da rigar jikinsa da wani ɗan gora da ya fizgo daga tankar ɗaki. Mutane sun ɗauka wani abin duniya ne a ciki. Irin dawa ne, cakuɗe da toka don kada ƙwaro ya ci.

Ba kowace dawa ba ce. 'Yar Jaji ake ce mata, don kakansa Jaji ne ya zo da ita, kuma ba ta taɓa fita daga unguwarsu ba. Ja ce, gajeriya, tsuntsu bai cika damunta ba, tuwonta kuma yakan kwana biyu bai saki ba. Da rumbunan unguwar suka ƙone, abin da ya rage nata a duniya shi ne na cikin goran nan.

Damina biyu Abarshi ya ƙi shuka ta. Kullum maganarsa ɗaya: baɗi za mu koma. Shi iri kuwa ba ya jiran baɗin kowa, tsufa yake yi kamar mutum. Bana Adawiyya ta saci ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyar ta buɗe a gabansa. Uku ne kawai suka tsaga.

"Baba, ka gani da idonka," in ji ta. "In ka ƙara shekara ɗaya, toka kawai za ka iske a goran nan."

Washegari ya nemo buhuna, ya cika su da ƙasar bayan gida, ya juye goran kaf. Dawar ta fito, tsilli-tsilli, biyu a nan, ɗaya a can. Ta yi kore shar har ta kai gwiwa, sannan ta tsaya cak. Ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa, karan ya sirance. Ɗan abincin da ke cikin buhun ya ƙare, ruwan sama kuma ya wanke sauran. Ko makaho ya shafa ya san yunwa take ji, taki take so a sama.

To, ina takin? Garin ya cika da mutanen ƙauyuka irinsa, kowa da bokitin alayyafonsa da yankakkiyar jarkar tumatir, har kashin akuya sai ka yi sammako kafin ka tsinta. Bola kuwa leda ce da fasassun kwalabe. Daga ƙarshe wani maƙwabci mai kiwon kajin gidan gona ya ba shi baro guda na kashin kaji, ɗanye, tururi na tashi daga cikinsa.

"Baba, wannan da zafi," in ji Adawiyya, wadda ta riga shi sanin noman buhu. "Sai ya kwanta ya huce. Ko ya huce ma, ɗan barbaɗawa ake yi a gefe, nesa da gindi. Buhu ba gona ba ne."

"Ke za ki koya mini taki?" in ji Abarshi. "Ina zuba taki tun uwarki ba ta san hanyar rafi ba."

Gaskiya ya faɗa, sai dai hannunsa hannun faffaɗar gona ne, inda ake kife mangala guda a wuri ɗaya ƙasa ta shanye ba ta ce komai ba. Ya damƙo da hannu biyu ya tula a gindin buhu huɗu, da niyyar gobe ya yi wa sauran. Allah ya taimake shi bayansa ya riƙe, ya kwana biyu a kwance. Ranar da ya fito, dawar buhu huɗun nan ta naɗe ta ƙone kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Garin neman gira ya rasa ido. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu, kunya da baƙin ciki suka cika masa ciki, har ya kasa haɗa ido da 'yarsa. Saura buhu shida, su ma suna kan hanya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Modibbo ya biyo. Bafillatani ne dogo, ya rame har malfarsa ta yi masa yawa. Shekara talatin da ɗoriya, duk rani shi ke sauke garkensa a gonar Abarshi. Shanunsa su ci kara su bar taki, in an yi girbi kuma damin farko nasa ne. Haka iyayensu suka yi, ba wanda ya taɓa rubuta wa wani takarda. Yanzu Modibbo ba shi da ko maraƙi, mutanen daji sun kore garken tun kafin su ƙone unguwar Abarshi. Yana zaune a wata bukka a gefen gari da matarsa Kadijatu da jaki ɗaya. A gari ana kallonsa a kaikaice don shi Bafillatani ne, a daji kuma ana ce masa ɗan leƙen asirin mutanen gari.

Ya tsuguna gaban buhunan ya murza ganye ɗaya a yatsunsa, ya kira Abarshi da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, wa ya dafa maka dawa tun ba ta nuna ba?"

"Ni ne, Fillo. Tsufa ya zo da wauta."

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Adawiyya ta kawo musu ruwa ta gaishe da Baffa Modibbo ta koma. A nan ne Abarshi ya yi abin da ya yi, kuma yana sane. Ya san tsohon mashekarin Modibbo yana nan a bakin daji ta hanyar Damari, tafiyar rabin yini, inda shanu suka kwana shekara da shekaru. Ya san takin wurin ya ruɓe ya huce ya zama baƙar ƙasa. Ya kuma san ba a roƙon Modibbo, don in ka roƙe shi ka ba shi damar cewa a'a. Amma in ka yi kuka a gabansa, kunyarsa ba za ta bar shi ya kwana da kukan ba.

Sai ya kau da kai, ya yi kamar da buhunan yake magana.

"Da a ce tsohon takin shanu ne, wanda ya shekara uku a kwance, ko rabin mangala ne, da ta tashi. Amma ina za a same shi yanzu? Shi ke nan. 'Yar Jaji ta ƙare a hannuna."

Modibbo ya kurɓi ruwa, ya yi zancen tsadar gishiri da ciwon gwiwa, ya ɗauki sandarsa ya yi sallama. Abarshi ya raka shi har bakin zaure. Sau biyu maganar ta zo masa baki, ya ce kada ka je ko'ina, sau biyu yana haɗiye ta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Asabar ta wuce shiru. Ranar Lahadi da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, muryar mace. Abarshi ya fita ya iske Kadijatu riƙe da igiyar jaki. Mangala ce a bayansa, cike dam gefe da gefe, an rufe bakinta da ganye an ɗaure da irin ƙullin da Modibbo ke yi.

"Malam, ga kayanka," in ji ta.

"Ina shi?"

"Jiya da asuba ya fita. Yau da hantsi jakin ya dawo shi kaɗai."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga kai ta dube shi ba. Ta tsaya har aka sauke mangalar a zaure, ta ja jakinta ta tafi. Abarshi ya zauna a kan dakali.

Kwana huɗu ana cigiya. A na biyar mata masu itace suka ga malfa a bakin wani rafi, maza suka je da rana tsaka suka same shi a cikin ciyawa, suka yi masa sutura a wurin. Wasu suka ce mutanen daji ne suka gane shi. Wasu suka ce masu tsaron hanya ne suka hango Bafillatani ya fito daga daji, ba su tsaya tambayar abin da ke cikin mangala ba. Kowa ya faɗi tasa a ƙasa-ƙasa, aka watse. A ƙasar nan yanzu mutum na mutuwa ne kawai, ba a cika sanin wanda ya kashe shi ba.

Duk kwanakin nan mangalar na zaure, Abarshi na kewaye ta kamar kabari. Dawar kuwa ba ta san an yi mutuwa ba, ɗorawarta kawai take yi. Ranar da aka yi sadakar uku Adawiyya ta same shi.

"Baba, in ba ka zuba ba, to Baffa ya tafi a banza ke nan."

Ya so ya daka mata tsawa, amma babu ƙarya a maganarta. Ya jawo mangalar ya kwance ƙullin. Takin baƙi ne wuluk, laushi kamar garin tuwo, sanyi a hannu, ba wari sai ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Wannan karon bai yi gardama ba. Ya sa ɗan tsinke ya sosa saman ƙasar kowane buhu a hankali don kada ya taɓa saiwa. Ya barbaɗa tafi biyu a kewaye, ya bar tazarar yatsa uku daga gindi, ya rufe da ƙasa kaɗan, ya yayyafa ruwa. Hawaye na zuba masa yana yi, bai share ba.

Cikin kwana goma dawar ta juya. Ganyen ya yi duhu, karan ya yi kauri. Bayan sati uku ya ƙara mata, ta yi ciki, ta fid da kai. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa kai, Malam Abarshi, hannunka da albarka. Duk wanda ya faɗi haka sai ya ji kamar an soka masa tsinke. Ya so dawar nan fiye da komai, ga ta ta tashi, amma ko sau ɗaya bai iya kallonta da farin ciki ba.

Da kaka ta yi ya yanke ta. Zangarniya tara, jajaye, cikakku. Ya ware mafi girma, ya sare karan ya ɗaure shi da igiya, ɗan ƙunshin da bai kai na itacen girki ɗaya ba. Damin farko na mai shanu ne, kara ma nasa ne, kuma Abarshi bai ga wanda ya soke wannan ba. Ya ɗora a ka ya ratsa gari, mutane na kallon tsoho da ɗan guntun kara.

Kadijatu na cikin takaba, don haka daga bayan zana ta amsa sallamarsa. Jakin ba ya nan, turkensa kawai ya rage.

"Na kawo hakkinsa," in ji Abarshi. "Kara da kan dami."

Can ta ce, "Karan wa zai ci, Malam? Jakin ma ya tafi kasuwa."

"Na sani. Amma nasa ne."

Ya tura zangarniyar ta ƙarƙashin zana. Ya ji ta ɗauka, ya ji ƙwayar na motsi a hannunta.

"Guda nawa ka samu?"

"Tara."

"Tara," in ji ta. "To. Allah ya sa albarka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Abin da ya danne wata huɗu ya taso masa, ya durƙusa a gindin zanar.

"Kadijatu, ni na aike shi. Ban ce ya je ba, amma na yi maganar a gabansa da gangan. Na san zai je. Na raka shi har zaure ban hana shi ba."

"Ai ya sani," in ji ta, muryarta ba ta canza ba. "Tun ranar da ya dawo daga wurinka ya gaya mini. Ya ce Kaɗo na son taki amma bai iya roƙo ba, sai kewaye-kewaye. Na ce kada ya je. Ya ce shekara talatin yana cin karan gonarka, bai taɓa barin dawarka da yunwa ba."

Abarshi ya ji takunta ta koma cikin bukka. Ya jingina ɗan ƙunshin karan a jikin turken jakin, ya gyara masa zama don kada ya faɗi, ya kama hanyar gida da zangarniya takwas na jiransa.