Ƙararrawar da Ba a Kaɗa wa Baba Ba

Mijinyawa na cikin goge tsatsa da tsumma sai hannunsa ya tsaya cak. Ƙatuwar ƙararrawa ce ta tagulla, ta zo cikin kwantenar tsofaffin ƙarafa daga Legas zuwa siton da yake aiki a unguwar Al Ras ta Dubai. An maƙala harshenta, ƙarfen da ke bugunta a ciki, da waya, an murɗa wayar ta hagu. Ɗaurin bahago ne, kuma ko cikin barci ya san na babansa ne.

"Ka san abin da muka samu kuwa?" in ji Sulemana, mutumin Kumasi mai kula da siton, da ya bi rubutun jikinta yana karanta tarihinta a wayarsa. "A wani gari na Amurka aka zuba ta, a 1874. Murhu da garma ake ƙerawa a masana'antar garin, ma'aikatan ne suka haɗu suka yi wa cocinsu ita. Da masana'antar ta mutu, coci ya watse, sai aka ba 'yan mishan."

Ragowar labarin Mijinyawa ya fi wayar sani. A makarantar mishan ta garinsu ta sauka. Babansa, Musulmi, maigadin makarantar, shi ke kaɗa ta in an yi rasuwa, ta ɗan coci ce ko ta ɗan masallaci, don na gona su dawo. Daga baya ɓarayin ƙarfe suka sauke ta. Bara, korona ta rufe jirage, Baba ya rasu ba ɗa a kusa, ba ƙararrawa. Abin nan har yau yana cin Mijinyawa a rai.

"Yalla, maza cire harshen," in ji Sulemana. "Wani gidan abinci a Bur Dubai ne ya saya don ado, ba sa son ƙara. Ga motarsu nan tafe."

"Yi mini haƙuri kaɗan."

Ya rataye ta a ƙugiyar ɗaga kaya, ya kira mahaifiyarsa, ya kara wayar kusa, ya kaɗa. Siton ya ɗauka gaba ɗaya.

Ta saurara har ƙarar ta lafa. Can ta tambaya. "Wa ya rasu?"

"Baba ne, Inna."

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Ƙara kaɗawa, ɗana. Na gona ba su ji ba."

A waje direba na ta danna hon. Sulemana ya dubi sufanar da ke hannunsa, ya ajiye ta a ƙasa, ya je ya janyo ƙofar siton ya rufe.