Kwalbar Da Shaho Ya Gasa A Sama

Shekara ashirin da uku Shaho yana tuƙa ƙugiyar gini, doguwar nan da ke tsayawa a kan gine-gine tana ɗaga rodi da siminti. Ɗakin tuƙinsa akwati ne na gilashi, kuma kafin ka kai shi sai ka taka tsani ɗari da tamanin. Hawa minti ashirin, sauka sha biyar. Shi ya sa mai wannan aiki yake hawa sau ɗaya da safe, da duk abin da zai buƙata a jaka, ba ya sauka sai an tashi. Shaho bai taɓa karya wannan doka ba sai da waya ta yanke shi a tafin hannu.

Ciwon ya yi ruwa, likita ya ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu. Hannu ya warke sarai. Ciki kuwa ya ɓalle da gudawa, ba sallama ba jan kunne.

Ranar Litinin sau huɗu ya sauka, kuma duk saukar da ya yi mutum talatin ne ke tsayawa riƙe da ƙugu. Gajere, mai ba shi alama daga ƙasa, ya kira shi ta oba-oba.

"Shaho, yau ma shawagin za a yi? Ka faɗa da wuri in share maka hanyar bayan gida."

"Ci gaba. Wata rana zan sauke maka buhu a ka, ka ƙara gajarta."

Shugaban aiki, wanda suke kira Mai Farar Hula, bai yi dariya ba. Da aka tashi ya ja Shaho gefe.

"Nan da kwana goma sha bakwai za mu zuba kankare a hawa na tara. In an fara, awa tara ba tsayawa, kankare ba ya jiran cikin kowa. In ba za ka iya ba ka faɗa mini in kawo wani, kai kuma ka koma yi mana gadin ƙofa."

Shaho yana da shekara hamsin da biyu, kuma ya sani duk wanda ya bar kujerar nan a irin shekarunsa ba ya komawa.

Ya koma wajen likita, aka yi gwaji, aka ce babu wata muguwar cuta, maganin ne ya yi shara fiye da kima. Likita ya rubuta masa wani abu. Ya kai takardar kyamis ɗin da ƙanwarsa ke aiki. Shekararta arba'in da 'ya'ya huɗu, amma har yau Auta yake kiranta. Ta shiga ciki ta fito da 'yar farar kwalba mai kafso talatin.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙwayoyi ne masu rai, Yaya. Na kirki."

"Wato na yi mako biyu ina kashe ƙwayoyi, yanzu kuma in haɗiye wasu da bakina?"

"Ciki kamar gari ne, akwai ɓarayi, akwai mutanen arziki. Maganin da ka sha bai tambayi sunan kowa ba, duka ya kora. Waɗannan za su zauna su tare gurbin. Ba kowa suke yi wa aiki ba, amma a gwada. Ɗaya kullum bayan ka ci abinci. Kuma ka adana su da kyau, ka sa a..."

"Na ji," in ji Shaho, yana daga bakin ƙofa. Shi ya goya ta, ba ita za ta koya masa ajiya ba.

A wajen Shaho, wuri ɗaya ne ake adana abu da kyau, shi ne ɗakin tuƙi. Ba yaro, ba ɓera, ba mai taɓa maka. Can tabaransa yake, can filayar yankan waya take. Ya dasa kwalbar a gaban gilashi inda idonsa zai riƙa ganinta, kullum ya kora kafso ɗaya da shayi mai tururi daga fulas.

Kwana bakwai ba abin da ya sauya. Sai ya yi dabarar kansa, ya daina cin komai daga safe har a tashi. Saukar ta ragu, amma a rana ta bakwai ɗin jiri ya ɗebe shi yana riƙe da daurin rodi a sama. Kayan suka yi lilo, suka wuce kan Gajere da kamu biyu. Ta oba-oba Gajere ya ce, ba wasa a muryarsa, "Shaho, ina da 'ya'ya."

Da yamma ya je ya dire kwalbar a kan kanta a gaban Auta.

"Ga mutanen arzikinki. Malalata ne."

Ta ɗauka ta juya. Rubutun jikinta ya koɗe, kafson sun manne da juna.

"A ina ka ajiye ta?"

"A ofis."

"Yaya, ofishinka da ko ƙwai ka ajiye sai ya dahu? Da me kake sha?"

"Da shayi."

Ta dafe kai. "Kiwo na ba ka, ka je ka gasa shi. Gawa ka yi ta haɗiya kwana bakwai. Irin wannan magani firij yake so, shi nake faɗa maka ka fice."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

"Yau zan faɗa da ƙarfi." Ta ɗauko sabuwar kwalba, amma ba ta miƙa masa ba. Ta kira matarsa a waya a gabansa. "Anti, zan kawo miki da kaina. Ƙofar firij, kusa da madara. Ki ba shi da ruwa mara zafi bayan ya karya. In bai ci ba kada ya fita, ki ɓoye takalmansa." Ta kashe waya ta dube shi. "Yunwar nan ita za ta sa ka kashe mutum."

Saura kwana goma. Uku na farko ciki yana nan da halinsa, Shaho na cin burodi da ayaba yana harare-harare, matarsa na tsaye a kansa kamar ɗan sanda. Rana ta huɗu sau biyu ya sauka. Ta shida sau ɗaya. Ta takwas ya sauka da rana, ya isa ƙasa, ya tsaya, ya ga ashe tsoro ne kawai ya sauko da shi. Ya sake hawa yana zagin kansa.

Ana gobe aikin, Mai Farar Hula ya zo da wani direban ƙugiya ya zaunar a inuwa, ko da za a buƙata. Shaho ya gaishe shi, bai ji haushi ba. Da shi ne shugaba haka zai yi.

Ƙarfe bakwai na safe motar kankare ta farko ta iso. Bokiti ya hau, bokiti ya sauka. Wajen sha ɗaya cikinsa ya yi wata ƙara, ya daskare a kujera yana saurare. Ƙarar ta wuce. Da rana ya buɗe kwanon shinkafarsa tsakanin mota da mota, ya ci rabi da hannu ɗaya. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Gajere ya ɗaga hannu biyu ya gicciye su. An gama.

"Shaho, ka mutu ne a can? Yau ban ga ƙafarka ba."

"Ina nan. Gobe ma ina nan."

Daga sama ya hango baƙon direban yana saɓa jakarsa ya nufi ƙofa. Mai Farar Hula ya ɗaga kai ya taɓa hularsa, ya wuce. Shaho ya kashe inji, ya yi hamdala, ya zauna jim. Shi ba mutum ba ne mai iya daɗin baki, amma ya lalubo waya ya kira ƙanwarsa.

"Yaya, akwai mutane a gabana. Cikin ne?"

"Ba cikin ba ne. An zuba kankaren, ban sauka ba."

"Alhamdu lillahi. Ka dai ƙarasa kwalbar, kada ka ce ka warke."

"Zan ƙarasa. Auta."

"Na'am."

"Na gode. Allah ya yi miki albarka, ke da 'ya'yanki."

Yana jin hayaniyar masu sayen magani a bayanta.

"Amin, Yaya," ta ce. "Ka sauko a hankali."