Hoto Goma Sha Huɗu a Daƙiƙa

Karo na shida ke nan dodon yana kashe shi a lungu ɗaya, kuma ko fuskarsa bai gani ba. Da ya kunna tocila a ɗakin ajiye gawa na cikin wasan, sai hoton ya kama ɗingishi, lambar da ke ƙirga hotuna a daƙiƙa a kusurwar allo ta faɗo daga sittin zuwa goma sha huɗu. Kafin allon ya farfaɗo, an gama da shi.

Mai Awo ya ture madannan gefe. Shekara tara yana rubuta sharhin wasannin kwamfuta, kuma ƙa'idarsa ce ta jawo masa wannan laƙabi: kowane wasa sai ya auna shi a na'ura uku. Babba, matsakaiciya, da wata tsohuwa mai fanka kamar injin niƙa, don irinta ce a ɗakin yawancin masu karanta shi.

Tsohon wasa ne na ban tsoro, aka sabunta shi aka kawo shi kwamfuta. A babbar na'urar, kai, sai wanda ya gani! Tsatsar ƙofa, ɗigar ruwa, inuwar da ke bin mutum, komai tsaf. A tsohuwar kuwa babu tsoro, sai haushi. Ga shi kamfanin wasan ya yi alkawarin irinta za ta ɗauka. Ƙarfe huɗu sharhin zai fita, daidai lokacin buɗe sayarwa, kuma wanda ya shekara biyu yana aikin sabunta wasan ƙaninsa ne, autansu.

Bayan azahar Auta ya shigo ofis, rigarsa a yamutse.

"Yaya, ka jinkirta sharhin kwana uku kawai. Gyara na nan tafe."

"Mutane yau za su saya."

"To ka bar maganar tsohuwar. Wa ya aike ka? Sauran masu sharhi a manyan na'urori suke gwadawa."

"Ku ma a nan kuka tsaya, ko?"

Auta ya kau da kai. "Su aka ba mu a wurin aiki. Yaya, idan sharhi ya yi muni ba za su sabunta mini kwantiragi ba. Ka san matata cikin wata takwas gare ta."

Ya sani. Shi ya fara ɗora hannun yaron nan a kan madannai. Ya tashi ya ba shi kujerar da ke gaban tsohuwar na'urar.

Auta ya zauna yana tsaki. A cikin wasan ya wuce matakala, ya tura ƙofar ƙarfe, ya kunna tocila. Hoton ya tsaya cak, ya zabura, ya sake tsayawa. Allon ya yi ja, an kashe shi. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku da tocilar a kashe, wasan ya tafi sumul. Ya sake kunna ta, hoton ya koma ɗingishi. Daga nan bai ƙara taɓa komai ba, fankar kawai ke kuka.

"Nuna mini abin da ka rubuta."

Mai Awo ya juyo masa da ɗayan allon. Auta ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. A sakin layi na uku ya sa yatsa.

"Nan ka yi kuskure. Ka ce hazo ne ke cinye ƙarfin na'urar. Ba hazo ba ne, inuwar tocila ce. Hazon wata abokiyar aikina ta yi shi, aikinta lafiya lau yake."

"Tocilar fa?"

Auta ya miƙe, ya ɗauki jakarsa.

"Tawa ce. Ka gyara kafin huɗu, kada a kori wadda ba ta yi komai ba."